Mariƙin Ƙaramar Bindiga: Wanne Ne Ke Rage Hauri Ba Tare da Ya Tona Asiri Ba?

Duk wanda doka ta ba shi izinin ɗaukar ƙaramar bindiga a ɓoye, ko jami'in tsaro ne mai aiki cikin farin kaya ko mai lasisi ne, ba ya daɗewa sai ya gano cewa mariƙin da ke yi wa hannunsa daɗi a filin atisaye shi ne ke tona masa asiri a ƙarƙashin riga. Wanda kuma ke kwanciya luf a ƙugu, ba a ganin shatinsa, shi ne ke sa tafin hannu raɗaɗi tun kafin a gama kwalin harsashi ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa, amma ana iya rage tazarar da ke tsakaninsu idan mutum ya san abin da yake saya da abin da yake sadaukarwa.

Mariƙi ba ya rage ƙarfin haurin bindiga ko kaɗan. Nauyin harsashi, gudunsa, yawan albarushi da nauyin ita kanta bindigar su ne ke yanke wannan hukunci. Abin da mariƙi ke yi shi ne ya sauya yadda haurin ke isa ga hannu: ya baza shi a faɗin tafi maimakon ya tara shi a wuri guda, ya ɗan ja lokacin dukan, ya kuma hana bindigar zamewa ko murɗawa. Wanda ya fahimci wannan ba zai sa ran roba ta mayar da harsashi mai ƙarfi irin .357 Magnum a cikin ƙaramar libarba, wato bindiga mai gidan harsashi da ke juyawa, ya koma kamar ƙaramin harsashin .22 ba.

Ma'aunan da za a duba

Na farko shi ne yadda mariƙin ke zama a hannu. Mafi yawan dukan yana sauka ne a fatar da ke tsakanin babban yatsa da manuniya, sai kuma gindin tafi. Mariƙi mai faɗin baya, mai zagayayyen gefe, yana raba dukan. Siriri mai kaifin gefe kuwa tamkar sandar da aka buga a wuri guda yake. Yawan yatsun da suka samu wurin zama ma babban abu ne, domin ƙaramin yatsa, duk da ƙanƙantarsa, yana taimakawa ƙwarai wajen hana bakin bindiga ɗagawa sama.

Na biyu shi ne shati. A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure, sai su mai da hankali kan tsawon bututu. Bututu yana shigewa cikin wando ne ya bi cinya, ba shi ke fitowa ba. Mariƙi ne ke saman bel, kuma gindinsa ne ke tokare riga idan mutum ya sunkuya ko ya miƙa hannu. Saboda haka tsawon mariƙi ya fi komai tasiri, sai kauri, sannan irin fatarsa: mai santsi riga na zamewa a kanta ta koma yadda take, mai danƙo kuwa kama rigar take yi ta tattare ta.

Na uku shi ne isa ga kunama. Duk abin da aka ƙara a bayan mariƙi yana nisanta yatsa da kunama. Mai dogayen yatsu zai ji daɗin hakan. Mai gajerun yatsu kuwa zai fara karkata hannu don ya kai, daga nan bututun ya daina daidaita da ƙashin hannu, haurin ya koma kan gaɓar babban yatsa, harbin kuma ya kauce. Na ga wannan ma'auni ya fi taushin roba muhimmanci nesa ba kusa ba, amma shi ne ake yawan mantawa da shi.

Sauran su ne riƙo idan hannu ya jiƙe da gumi, ƙarko, tsada, sauƙin ɗaurawa, da haɗarin da ke tattare da kowane.

Roba mai taushi

Wannan shi ne abin da mai jin zafin hauri ke fara nema, kuma yana da hujja. Mariƙan kamfanonin Hogue da Pachmayr sun daɗe a hannun masu libarba. Waɗanda suka rufe ƙarfen baya, irin Pachmayr Decelerator, suna sa katifa tsakanin ƙarfe da tafi, kuma bambancin ana jin sa tun daga harbin farko. Libarbar Ruger LCR da ta fito a 2009 da mariƙin Hogue mai ɗan matashi a baya take zuwa, kuma hakan na cikin dalilan da suka sa ake jure harba ta duk da rashin nauyinta. Roba tana da araha, ɗaura ta bai wuce sukuru ɗaya ba a yawancin libarba, kuma ba ta tsagewa idan ta faɗi.

Sai dai danƙon da ke hana ta zamewa a hannu shi ne ke kama tufa. Mutum zai tashi daga kujera, rigar ta maƙale a saman mariƙin, ya yi ta tafiya bai sani ba. Wajen zarowa ma akwai matsala: idan hannu ya sauka ba daidai ba, roba ba ta barin a ɗan gyara riƙo, inda ya sauka nan ya tsaya. Yawancin mariƙan roba kuma sun fi na asali tsawo da kauri, wasu da ramukan yatsu waɗanda in ba su dace da hannunka ba, babu yadda za ka yi da su. Ga kuma abin da ba a gani: gumi yana shiga ƙarƙashin roba ya kwanta, ya ci ƙarfen da tsatsa a ɓoye. Mai amfani da ita dole ya riƙa cire ta lokaci-lokaci ya goge ya shafa mai. Da tsufa, ko idan wasu ruwan wanke bindiga sun taɓa ta, takan yi laushi ta fara mannewa a hannu.

Katako

Mai santsi daga cikinsa ba shi da na biyu wajen barin riga ta zame, kuma ba ya goge fatar ciki ko da an wuni da shi. Wanda aka sassaƙa da kyau ya cika tafi yana iya yin daɗin harbi fiye da robar da ba ta dace da hannu ba, domin siffa ce ke aiki, ba taushi ba. Amma katako ba ya shan duka, yadda haurin ya zo haka zai miƙa maka shi. Da gumi kuma yana sulɓi, sai in an yi masa zanen ƙaiƙayi, shi kuma zanen in ya yi kaifi yana cizon tafi a bindiga mai ƙarfi. Yana iya tsagewa a wajen ramin sukuru idan an ɗaure da yawa, kuma danshi da bushewa na sa shi kumbura ko tsukewa har ya fara motsi. Farashinsa ya bambanta sosai, daga na masana'anta mai sauƙi zuwa aikin hannu mai tsada wanda sai an jira.

G10 da Micarta

G10 zaren gilashi ne da aka jera hawa-hawa, aka jiƙa da danƙo mai daskarewa, aka matse da zafi. Micarta kuma ƙyalle ne ko takarda da aka yi wa irin wannan aiki. G10 bai san ruwa ba, bai san mai ba, zafi da sanyi ba sa sauya shi, kuma saboda ƙarfinsa ana iya yanka shi siriri sosai ba tare da ya karye ba. Wannan ya sa masu fistol irin 1911, CZ 75 da Beretta 92 suka rungume shi, kamfanoni irin VZ Grips kuma suka yi suna a kansa.

Fa'idarsa ga mai ɓoyewa ita ce riƙonsa daga zane yake zuwa, ba daga danƙo ba, don haka yana kama hannu amma bai cika tattare riga kamar roba ba. Sai dai a kula da zanen. Mai kaifi sosai, wanda aka yi don masu gasa ko masu sa safar hannu, zai kankare fatar ƙugu ya kuma huda riga a hankali. Matsakaici shi ne na mai ɗauka kullum. Wata dabara mai kyau ita ce a sa mai ɗan santsi a gefen da ke taɓa jiki, mai kaifi a gefen waje, ko a ɗan bi gefen jikin da sanfefa mai laushi. Wanda zai yi hakan ya jiƙa shi tukuna ya kuma rufe hanci, domin ƙurar zaren gilashi ba abin shaƙa ba ce. Micarta ta fi shi ɗumi a hannu, ta ƙyalle kuma takan ƙara kamawa idan ta jiƙe, amma tana shan mai da gumi ta yi duhu.

Ba su da taushi ko kaɗan. Abin da suke bayarwa shi ne bindiga ta tsaya cak a hannu, kuma bindigar da ba ta zamewa ba ta goge fata, ba ta kuma buƙatar a gyara riƙo bayan kowane harbi. A fistol mai harba harsashin 9mm wannan ya wadatar. A ƙaramar libarba mai harba Magnum, bai wadatar ba.

Ga mai 1911 da ke son siraran ɓangarori: ba a ɗaura su da sukurun asali. Suna da nasu gajerun sukuru da gajerun mazaunai. In aka yi amfani da dogaye, ko dai ɓangaren ya ƙi zama, ko sukurun ya leƙa ciki ya tokare gidan harsashi.

Gajeren mariƙin libarba

Wannan magana ce ta siffa, ba ta abin da aka ƙera da shi ba, kuma a nan ne cinikin ya fi fitowa fili. Ƙananan libarba na Smith & Wesson masu ƙirar J, waɗanda suka samo asali daga Chiefs Special ta 1950, har yau ana ɗaukarsu saboda ƙanƙantarsu. Samfurin 442 da 642 masu jikin alminiyam ba su kai rabin kilo ba, kuma da harsashin .38 Special +P, wato mai ƙarin ƙarfi, haurinsu ba wasa ba ne. Wani mai sassaƙa mariƙi a Amurka, Craig Spegel, ya fito da siffar da ta tsaya daidai gindin ƙarfen bindigar ba ta wuce ba, ta bar ƙarfen baya a buɗe, amma ta cike gurbin da ke bayan zoben kunama. Cike wannan gurbi ne sirrin: yana hana zoben dukan yatsan tsakiya, yana kuma ba hannu abin kamawa ba tare da ƙara tsawo ba. Ƙaramin yatsa dai ba shi da wurin zama, sai ya naɗe a ƙasa.

Tsakanin wannan da cikakken mariƙin roba akwai matsakaici, wanda ya rufe baya da 'yar katifa amma bai ƙara tsawo sosai ba. Ga mafi yawan masu ɗaukar libarba a bel, ni a ganina wannan ne ya fi dacewa. Mai sa ta a aljihu kuwa, gajeren shi ne nasa, kuma gara mai tauri, don roba na kama yadin aljihu ta fito da shi tare da bindigar. Kowanne aka zaɓa, a gwada shi da abin loda harsashi na gaggawa, domin wasu mariƙan na tokare shi ta gefen hagu. A kuma tabbatar ko gindin bindigar zagayayye ne ko mai kusurwa kafin a saya, don ba sa shiga wa juna.

Fistol mai jikin filastik

Mai Glock da makamantanta ba shi da ɓangarorin da zai kwance, mariƙin da jikin abu ɗaya ne. Hanyoyinsa daban ne.

Mafi sauƙi shi ne abin da ya zo a kwali. Walther P99 ta 1997 na cikin waɗanda suka fara zuwa da bayan mariƙi da ake sauyawa, Glock ta bi sahu a zubinta na huɗu a 2010. Kafin a kashe ko sisi, a gwada kowane girma da harbi na gaske. SIG Sauer ta wuce nan: a P320 da P365 ana zare injin kunama gaba ɗaya a mayar da shi cikin wani jikin mai tsawo ko gajere, don haka bindiga ɗaya na iya samun mariƙi biyu.

Tef ɗin mariƙi, irin na Talon, shi ne mafi araha a cikin abubuwan da ake ƙarawa, kuma kaurin da yake ƙarawa ba a ko lura da shi. Iri biyu aka fi sani: mai kama da roba da mai kama da sanfefa. Na biyun yana riƙe hannu ko da gumi na zuba, amma wanda ya sa shi a jikin fata zai cire shi cikin mako. Tef yana tsufa, gefensa na ɗagowa, sai an sabunta. Kyawunsa shi ne in bai yi ba a ɓare shi, babu asara.

Safar roba da ake zura wa mariƙi, irin Hogue HandAll, tana cika tafin mai babban hannu kuma tana ɗan rage zafi. Ita ce kuma na fi jin tsoro a cikinsu duka. Idan ba wadda aka yi wa wannan samfurin musamman ba ce, takan juya ko ta zame sama ta danne maɓallin sakin gidan harsashi, ko ta zame ƙasa ta hana shi shiga. A bindigar da ke da makullin kariya a bayan mariƙi, irin 1911 da Springfield XD, safar da ta hau kansa na iya danne shi dindindin, kariyar ta tashi aiki mai ita bai sani ba.

Sai ƙona zane a jikin filastik da ƙarfe mai zafi. Ba ya ƙara kauri, ba ya ɓarewa, ana ma iya rage ƙusumbin baya ko yanke tsawo a lokaci guda. Amma abin da aka ƙona ya ƙonu. Garanti kan tafi, darajar sayarwa kan faɗi, kuma wanda bai ƙware ba yana iya sirantar da jikin har ya raunana shi. Wannan aikin gwani ne, kuma sai bayan tef ya nuna maka ainihin inda kake buƙatar riƙon.

Game da tsawo, misali ɗaya ya isa. Glock 19 tsayinta daga sama zuwa gindin mariƙi milimita 128 ne, tana ɗaukar harsashi 15. Glock 26 milimita 106, harsashi 10. Wannan milimita 22 shi ne bambancin yatsu uku da yatsu biyu, shi ne kuma bambancin rigar da ta kwanta da wadda ta tokare. Masu ƙara wa gindin gidan harsashin Glock 26 ɗan ƙari don ƙaramin yatsa suna mayar da mafi yawan tsawon da suka guje wa. Amfaninsa dai shi ne zaɓi na hannunka: gajere yau, dogo gobe, gwargwadon tufar da ka sa.

Akwai kuma mariƙi mai fitilar leza, irin na Crimson Trace, wanda ya fi duka tsada kuma yana buƙatar batir, da na alminiyam wanda siriri ne mai ƙarko amma yana ɗaukar zafi da sanyi. Waɗannan don wata buƙata ake sayensu, ba don hauri ba.

| Iri | Sauƙin hauri | Ɓoyuwa | Ƙarko | Tsada | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Roba mai rufe baya | Mafi kyau | Rauni | Matsakaici | Araha | Kama riga, tsatsa a ƙasa |
| Katako mai santsi | Ya danganta da siffa | Mai kyau sosai | Matsakaici | Araha zuwa tsada | Sulɓi, tsagewa |
| G10 ko Micarta | Matsakaici | Mai kyau | Mafi kyau | Matsakaici zuwa tsada | Goge fata da tufa |
| Gajeren mariƙin libarba | Rauni | Mafi kyau | Mai kyau | Araha zuwa tsada | Guje wa atisaye |
| Tef | Ɗan taimako | Mai kyau | Rauni | Mafi araha | Ɓarewa |
| Safar roba | Mai kyau | Rauni | Matsakaici | Araha | Zamewa ta toshe maɓalli |
| Ƙona zane | Ɗan taimako | Mai kyau | Dindindin | Tsada | Ba a mayarwa |

Haɗarin da na rubuta wa gajeren mariƙi, guje wa atisaye, da gaske nake. Bindigar da ke cizon hannu tana koya wa mai ita ƙifta ido da tunkuɗa hannu ƙasa kafin harbi ya tashi, kuma wannan ɗabi'a tana da wuyar kankarewa. Daga nan sai mutum ya riƙa ɗage zuwa filin atisaye, ya zama yana ɗauke da makamin da bai iya sarrafawa ba, wanda hakan haɗari ne gare shi da duk wanda ke kusa. Ta ɗaya gefen kuma, mariƙin da ya yi girma har mai shi ya gaji da ja-in-ja da riga, ƙarshenta a akwati bindigar za ta kwana ta wuni.

Wa ya dace da wanne

Mai ciwon gaɓoɓi, ko mai raunin wuyan hannu, ko sabon shiga, ya ɗauki roba mai rufe baya, ya nemi maganin shatin a wani wuri: bel mai tauri, kube mai karkata gindin mariƙi zuwa jiki, riga mai ɗan kauri. Sauya zuwa harsashi mai sauƙi ko bindiga mai ɗan nauyi ma zai yi masa aikin da babu mariƙin da zai yi.

Mai ɗaukar fistol na ƙarfe a cikin bel kowace rana, musamman mai yawan gumi, G10 mai matsakaicin zane ne nasa. Mai gajerun yatsu ya nemi siriri mai buɗaɗɗen baya, ko da kuwa zai ɗan fi jin dukan, don isa ga kunama daidai ya fi katifa amfani. Mai babban hannu da ƙaramar bindiga ya fara da bayan mariƙi mafi girma ko ƙarin gindi kafin ya kai ga safa.

Mai sa libarba a aljihu ko a idon sawu, gajeren mariƙi na katako ko filastik mai tauri. Ya kuma yi atisaye da shi ɗin, kaɗan-kaɗan amma a kai a kai, kada ya ɗaura babba don filin atisaye ya koma ƙarami don ɗauka, domin hannu abin da ya saba da shi yake nema. Mai Glock ko makamanciyarta ya fara da tef mai kama da roba, ya yi wata biyu ko uku da shi, sannan ya duba ko akwai sauran buƙatar kai ta wurin gwani.

Kowanne aka zaɓa, kafin a taɓa sukuru a cire gidan harsashi, a buɗe bindigar, a duba da ido a kuma taɓa da yatsa, harsasai su kasance a wani ɗaki. Bayan ɗaurawa a gwada kowane maɓalli da makulli da bindigar fanko, a tabbatar gidan harsashi na faɗowa da kansa, kuben kuma har yanzu yana riƙe ta yana rufe kunama. Sannan a sa ta a ƙugu fanko, a zauna, a sunkuya, a ɗaga hannu gaban madubi, kafin a kai ta filin atisaye a harba aƙalla kwali ɗaya, a sake duba sukurun bayan an gama.